Kuskuren Kalma Ɗaya A Rumbun Ajiya

Kowane akawu ya san dalilin da ya sa ake sa takardar kabon a ƙarƙashin rasit: in ɗaya ta ɓace, ɗaya tana nan. To, haka kwamfuta take yi da fayafayenta. Akwai wani tsarin ajiya mai suna ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da shi a shekarar 2005. Aikinsa shi ne haɗa fayafai da yawa su zama rumbu guda. In an jera biyu a matsayin tagwaye, duk abin da aka rubuta a wannan sai a rubuta a wancan.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙara sabon faifai, gama umarni biyu ne masu kama da juna. Umarnin zpool attach yakan haɗa sabon da wanda ke nan su zama tagwaye. Shi kuwa zpool add faɗaɗa rumbun yake yi, sabon ya tsaya shi kaɗai ba mataimaki. Da yake ana rarraba ajiya bisa dukan sassan rumbu, ran da wannan tilon ya mutu, rumbun duka ya tafi, har da abin da ke kan tagwayen. Na'urar takan yi gargaɗi, amma mai gaggawa sai ya ƙara alamar -f ya tilasta ta.

To, wanda ya faɗa wannan rami, ƙaƙa zai yi? Da fari muna jan kunnensa, kada ya kuskura ya zare faifan da hannu, domin ya riga ya zama gaɓar rumbun. Ya tsai da aiki, ya kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri dabam.

Sa'an nan hanyoyi uku ne. Ta farko, zpool remove, wanda tun fitowar 0.8 ta shekarar 2019 a kan Linux yake iya kwashe ajiyar faifan ya mayar wa sauran, muddin akwai fili. Amma ba ya yiwuwa in rumbun yana da sashe irin na raidz. Ta biyu, a samo wani faifai wanda girmansa bai gaza na tilon ba, a yi masa attach, a jira kwafi ya ƙare, a duba da zpool status. Ta uku ita ce mai wahala, watau a kwashe kome waje, a rushe rumbun, a sāke gina shi.

Shawararmu ga ma'aikata ita ce, kafin a ba da umarnin zpool add a gwada shi da alamar -n, wadda takan nuna abin da zai auku ba tare da ta taɓa kome ba. Rigakafi dai ya fi magani.