Tony Allen: Makaɗin da ya riƙe kiɗan Fela daga baya

Idan aka ambaci kiɗan Afrobeat, sunan Fela Anikulapo-Kuti ne ke fara zuwa baki. Amma can baya, inda hasken dandamali bai cika kaiwa ba, akwai mutumin da ya yi kusan shekara 15 yana riƙe da ragamar kiɗan. Shi ne Tony Allen, wanda Fela da bakinsa ya ce ba don shi ba, da babu Afrobeat.

An haifi Allen a Legas a 1940. Yana ɗan shekara 18 ya soma koya wa kansa ganguna, ya fara samun gurbi a ƙungiyar Victor Olaiya, sannan ya haɗu da Fela a 1964. Shi ne ya zama jagoran makaɗan Africa 70, kuma sun fitar da faifai sama da 30 tare.

Abin da ya bambanta shi ya samo asali ne daga wani kayan kiɗa da yawancin makaɗan Legas na lokacin suka yi wa riƙon sakainar kashi: fayafayen ƙarfe biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafar hagu, waɗanda makaɗa ke kira hai-hat. Allen ya naƙalci amfani da su daga nazarin salon Max Roach da Art Blakey, gwanayen jaz na Amurka. Daga nan hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu suka zama tamkar makaɗa huɗu, kowanne da nasa zancen, amma ba mai katse wani.

Darasin da ya bar wa masu tasowa shi ne sassauci. Ba ya dukan ganga da ƙarfi. Taɓa ta yake yi, sandunan na motsi daga wuyan hannu, shi ya sa yakan yi sa'o'i yana kiɗa bai jigata ba. A ziyarar ƙungiyar zuwa Amurka a 1969, makaɗi Frank Butler ya shawarce shi da ya riƙa atisaye a kan matashin kai. Matashi ba ya mayar da sanda kamar fatar ganga, don haka dole hannu ya yi aikin da kansa.

Sai dai gwaninta ba ta tsare masa haƙƙinsa ba. Bayan wasan da suka yi a Berlin a 1978, saɓani kan kuɗi da rabon ladan faifai ya raba shi da Fela. Daga baya ya koma Landan, sannan Paris, inda ya yi aiki da Damon Albarn, ya kuma fitar da faifan The Source a 2017.

A watan Maris na 2020 aka saki Rejoice, faifan da ya yi da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu. Allen ya rasu a Paris ranar 30 ga Afrilu na wannan shekarar, yana da shekara 79.