Ciwon Mafitsara Ga Mai Ciki Da Marar Ciki

Jama'a, ciwon mafitsara ba baƙo ba ne a gidajenmu. Wasu kan ce masa "sanyi". Likitoci sun ce kusan rabin mata sukan kamu da shi, ko da sau ɗaya a rayuwa. Ya fi kama mata bisa ga maza, domin hanyar fitsarin mace gajera ce, kuma tana kusa da dubura. Ƙwayoyin cuta da ke cikin bayan gida ba sa wahalar shiga.

Alamunsa su ne zafi wajen fitsari, yawan jin fitsari amma kaɗan ke fita, ciwon mara, da fitsari mai wari.

To, amma akwai wanda ba ya nuna alama ko ɗaya. A cikin mata 100 masu ciki, akan sami 2 zuwa 10 da ke ɗauke da ƙwayoyin, su kuwa suna jin lafiyarsu ƙalau. Marasa ciki ma kusan haka ne. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya. Ga marar ciki, irin wannan ba ya yawan kawo matsala. Ga mai ciki kuwa, mahaifa tana danne hanyar fitsari, sai fitsari ya riƙa kwanciya. Daga nan cutar takan hau zuwa ƙoda. Idan ba a yi magani ba, hakan yana iya samun mata 3 cikin 10. Sai zazzaɓi mai zafi, da rawar ɗari, da ciwon kwiɓi, da amai. Yana iya jawo haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi.

Shi ya sa a shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada fitsarin mai ciki wajen awo. In an ga ƙwayoyin, a ba ta magani na kwana 7.

'Yar'uwa, in kin je awo, ki tambayi malamar asibiti ko za a gwada fitsarinki. Kada ki sayi kafso a kemis ko wajen mai talla, don wani maganin yana cutar da ɗan ciki. Wanda aka ba ki a asibiti ki shanye shi duka, ko kin ji sauƙi. Ki sha ruwa da yawa, kada ki riƙe fitsari don kunyar surukai. Wajen tsarki, ki fara daga gaba zuwa baya.

Maigida, in zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka kama mai ciki, a nemi mota a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar awo.