Me ya sa Turawa ke goge tsofaffin bindigogin soja har su yi ƙyalli?

Da yawanmu mun ci karo da irin bidiyon nan a YouTube: Bature ya ɗauko tsohuwar bindiga baƙa wuluk, ya yi ta gurza har ta koma fara tas kamar sabon cokali. Wani abokina a kara ya tambaye ni ko gyara ne. Ga yadda abin yake.

A Amurka doka ta ba mutane damar sayen bindigogin da sojoji suka daina aiki da su, irin su Mosin-Nagant ta Rasha wadda aka fara ƙerawa a 1891, da Lee-Enfield ta Ingila. An adana su shekara da shekaru cikin wani giris mai kauri, shi ake fara wankewa.

Baƙin da ke jikin ƙarfen kuwa galibi ba fenti ba ne. Wata irin tsatsa ce baƙa da masana'anta ke yi da gangan don ta rage wa jar tsatsa ƙarfi. Ruwan khal ma yana cire ta. Daga nan sai sanfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, sannan a goge da ƙyalle.

Sai dai ƙarfen da aka tuɓe tsirara yake. Duk mahaucin da ya bar wuƙarsa ta kwana ba mai a damunar Legas ya san abin da nake faɗa. Kuma masu tara kayan tarihi ba sa son bindigar da aka goge, kuɗinta faɗuwa yake yi. Idan gurzar ta shafe lambar jikinta kuma, ko a Amurka babban laifi ne.

To mu nan Najeriya fa? Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindigar soja sai da izinin shugaban ƙasa, ko adakar farauta sai da lasisin 'yan sanda. Ba mu manta da Uromi ba, inda aka kashe mafarauta 16 a watan Maris na 2025 bayan an ga bindigogin farauta a motarsu.

Don haka ɗan'uwa, kalli bidiyo ka ƙaru, amma ko guntun ƙarfen bindiga ka gani a kayan bola, kar ka kai shi ɗakinka. Allah Ya tsare mu.