Kafin ka turo janareta gida daga Kudu: abin da nake gani a Minna

Duk baƙon da ya sauka Minna daga Legas ko Fatakwal, in ya kwana ɗaya ya ji kukan janareta ta ko'ina, tambayarsa ɗaya ce: "Wai ba nan ne jihar da ake yin wutar ba?" Nan ne kuwa. Kainji tana nan tun 1968 da megawat 760, Jebba ta zo a 1985, Shiroro da ke kusa da mu ta fara aiki a 1990 da megawat 600, ga Zungeru ta baya-bayan nan mai megawat 700. Sai dai wutar dam ba ta shigowa gari kai tsaye. Hawa take yi kan manyan layukan ƙasa, a haɗa ta da ta sauran tashoshi, sannan a raba wa kamfanonin rarraba wuta, kowa da kasonsa. Shi ya sa mai walda a Keteren Gwari da mai ɗakin sanyi a Tunga suke neman mafita daidai da ku da ke Agege ko Sabon Ibadan.

Ni aikin haɗa wutar masana'anta nake yi, kuma rabin ayyukan da nake samu a garin nan kuɗinku ne, ku 'yan uwa mazauna Kudu. Mutum ya yi shekaru yana tara abin da Allah ya hore masa a Mile 12 ko Onica, ya ce bari in kafa wa yara injin casar shinkafa ko kamfanin ruwan leda a gida. Sai ya shiga kasuwa can, ya sayi janareta, ya ɗoro a mota. A wannan sayen ne kuɗi suke yawan zubewa, shi ne dalilin wannan rubutu.

Bari in fara da na gidanmu. Kawuna, mai harkar albasa a Legas, ya kafa wa ɗansa injin casa a wajen gari ta hanyar Bida. Moton da ke juya injin, wato injin lantarkin da ake ɗaura wa bel, mai kilowat 15 ne. Kawu ya sayi janareta na hannu mai lamba 20 a jiki. Ya kira ni yana murna.

"Injiniya, na gama maka aiki. Naka 15 ne, na sayo 20, har da rara."

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara arziki, amma da kun kira ni kafin ku biya."

Ranar da muka gwada, ana danna makunni janaretan ya yi wani nishi, ya tuttuɗo baƙin hayaƙi, ya mutu. Sau uku. Kawu ya rantse an cuce shi. Alhali mai kayan bai yi masa ƙarya ba, lissafin ne bai fita ba.

Ga inda matsalar take. Lambar da ke jikin babban janareta galibi kVA ce, ta jikin moto kuma kilowat, kuma ba mudu ɗaya ba ne. In kana son sanin ainihin ƙarfin aikin janareta, ka ɗauki kashi 80 cikin 100 na lambarsa. Wato 20 ɗin Kawu kilowat 16 ne, shi ma a lokacin da yake sabo. Na hannu da ya sha aiki ba zai kai haka ba, ballantana a zafin Minna na watan Maris da Afrilu, domin inji yana rage ƙarfi idan iskar da yake shaƙa ta yi zafi sosai.

Wannan ma ƙaramin abu ne. Babban shi ne tashin moto. Duk wanda ya taɓa tura amalanke cike da kaya ya san wahalar tana wajen tayar da ita daga tsaye. In ta fara gangarawa, hannu ɗaya ma ya isa. Haka moto yake. A 'yan daƙiƙun farko yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Moton Kawu yana cin abin da bai wuce amfiya 30 ba a kan aiki, amma wajen tashi yana neman kusan 170. Layin Nepa, in da ƙarfinsa, zai ba shi ba tare da an ji ba, sai dai fitilun maƙwabta su ɗan lumshe. Ƙaramin janareta kuwa ba shi da inda zai samo. Shi ya sa mu masu aikin muke cewa in moto kai tsaye zai riƙa tashi, a nemi janaretan da lambarsa ta ninka ta moton sau biyu da rabi zuwa uku. Akwai kuma akwatin tayarwa da muke kira sita-delta, wanda ke rage jan farkon zuwa kashi ɗaya cikin uku. Kuɗinsa bai kai ko kusa da bambancin da ke tsakanin ƙaramin janareta da babba ba, amma da wuya ka ji mai sayar da janareta ya ambace shi.

Kada kuma wani ya ji haka ya ce to bari in sayi ƙato in huta. Janaretan gas da ake barinsa yana aiki da ɗan lodi, ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, ba ya ƙone mai yadda ya kamata. Sai ka ga baƙin mai yana ɗigowa ta salansa, ciki yana tara dauɗa, ga shan mai a banza. Na ga mai kVA 100 da aka ajiye wa ofis mai fanka shida da kwamfuta biyu. Wannan kam ado ne.

To, tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kira ni ita ce: aikin nan naka, tsawon wane lokaci zai iya jure rashin wuta kafin a yi asara? Amsar ce ke nuna abin da za a saya.

Injin casa ko na niƙa zai jira minti goma a je a tayar da janareta, ba abin da zai lalace. Ɗakin sanyi na kifi ko kaji zai jure 'yan awoyi in ba a buɗe ƙofa ba, amma shi kwamfiresonsa abin da ya tsana shi ne a ɗauke a dawo nan take. Yana son a ba shi kamar minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi, saboda haka ake sa masa na'urar jinkiri. Kwamfuta kuwa, da injin gwajin jini a ɗakin awo, da kayan gidan rediyo, ko ƙiftawar ido ba sa jurewa. Janareta mai tayar da kansa ma yana ɗaukar daƙiƙa goma ko fiye kafin ya karɓi lodi, kuma a cikin wannan ɗan lokacin gwajin da ake yi ya riga ya lalace. A nan ne UPS ke shigowa. Batir ne da na'urar da ke mayar da wutarsa irin ta soket, aikinsa ya riƙe kayan na 'yan mintoci har janareta ya tashi. Iri biyu ne a kasuwa. Mai araha yana jira sai wuta ta ɗauke sannan ya karɓa cikin ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, ya isa wa kwamfutar ofis. Mai tsadar kuwa kullum ta cikinsa wutar ke bi, saboda haka babu tsinkewa ko kaɗan, kuma yana tace hawa da saukar wuta. Kayan asibiti irin wannan suke so. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗora wa UPS firiji ko famfon ruwa, a wayi gari ya ƙone.

Ku duba turken sabis na waya da ke unguwarku. Kayan cikinsa da batir mai bolt 48 suke aiki, Nepa da janareta da sola aikinsu cika batirin ne kawai, shi ya sa wuta ke ɗaukewa kana waya ba ka sani ba. Kai, hatta tashoshin wuta da kansu suna da ɗakin batir da janaretan gaggawa. In layin ƙasa ya faɗi gaba ɗaya, kamar yadda ya yi ta faɗuwa a 2024, da irin wannan tanadin ake fara tayar da injinan dam kafin sauran tashoshi su biyo baya.

Sai maganar sola da inbata, wadda yanzu kowa ke yi. Ga shago, ofis, ɗakin shan magani, ko fitilu da kwamfutocin masana'anta, wallahi ina ba da shawararta. Famfon rijiyar burtsatse ma da rana yana tafiya lafiya a kan sola, ba sai da batir ba, a tara ruwan a tanki. Amma wanda ya ce maka zai tayar da injin casa ko na walda da batir tun safe har dare a kan kuɗi kaɗan, ka riƙe aljihunka. Kuma batir ba ya son zafi. Irin na dalma an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, duk ƙarin digiri goma yana cin kusan rabinta. Wanda aka kulle a ɗakin kwano marar taga a Minna, in ya shekara biyu ya yi ƙoƙari. Na litiyam ya fi daɗewa, ya fi tsada, shi ma yana son inuwa da iska.

A yi lissafin mai kuma kafin a kafa sana'a. Janaretan gas mai lafiya, da lodi daidai, yana ba da yunit uku zuwa uku da rabi a kowace lita. A 2024 litar gas ta haura naira 1,000, wato yunit ɗaya ya wuce naira 300 a mai kaɗai, ba a sa baƙin mai da tacewa da kuɗin makaniki ba. A watan Afrilun shekarar, da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 a yunit, an yi ta kuka, amma ko a haka ta fi janareta sauƙi. Masu na fetur kuma tun cire tallafi a watan Mayun 2023 suka san inda suke. Saboda haka sana'ar da ribarta ba za ta fita ba sai in Nepa ta tsaya kullum, ko kuma wadda za ta dogara da janareta ɗari bisa ɗari, duka biyun sai an zauna da biro da takarda.

Abu biyu nake roƙo kada a yi rowa a kansu. Na farko cenjoba, makunnin da ke raba layin Nepa da na janareta. In babu shi, ko an yi haɗin gangan, wutar janaretanka tana iya komawa kan layi, ta bi ta taransifoma ta ƙara ƙarfi, ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin babu wuta. In kuma Nepa ta dawo ta ci karo da janaretan, kwayil ɗinsa ya tafi. Na biyu, ga mai moto mai layi uku, a sa na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke. Moto yana ci gaba da juyawa da layi biyu, yana zafi a hankali har ya ƙone, kuma kuɗin naɗa kwayil sau ɗaya ya sayi na'urar sau da yawa. Hayaƙin janareta kuma ba sai na faɗa muku ba, ku da ke zaune a gidajen haya na Kudu kun fi ni jin labarin iyalan da suka kwanta ba su tashi ba. A ajiye shi a waje, salansa ta kalli fili.

In za ka saya a Alaba ko Onica, to kafin ka biya ka sa yaron da ke gida ya ɗauki hoton ɗan farantin da ke manne a jikin kowane moto, ya turo wa mai haɗa wutar da zai yi aikin, ya gaya masa wanne ke fara tashi da waɗanda ke aiki tare. In na hannu ne, kada ka yarda da jin ƙararsa kawai, kowane inji yana da daɗin sauti in ba a ɗora masa komai ba. A ɗora masa lodi a gabanka ya yi ko da awa ɗaya.

Na Kawu dai mun sayar wa wani mai gidan burodi a Bosso, da ragi, ga kuɗin motar da ta kawo shi daga Legas ya bi ruwa. Muka samo mai kVA 40, muka sa sita-delta. Lokacin da injin ya fara casa an riga an ci wata biyu cikin kakar shinkafa, manoman da suka yi alkawarin kawo kaya sun kai wani wurin. Har yanzu in Kawu ya kira ni, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "Injiniya, wannan karon ban biya ba tukuna."