Rumfar Leda Da Noman Hunturu A Ƙasar Wudil

Jama'a, akwai wata dabara ta masu lambu a ƙasashen sanyi wadda ya kamata mutanen Utai da sauran ƙauyukan ƙasar Wudil su ji labarinta, sa'an nan su auna abin da za su ɗauka daga cikinta. A can idan hunturu ya kama, ruwa kan daskare, ganye ya mutu. Sai mai lambu ya tanƙwara sanduna kamar baka, ya kafa su a jere bisa fangali, ya lulluɓe da farar leda. Hasken rana ya shiga, ɗumi ya kasa fita, iri ya tsiro alhali waje duk ƙanƙara ce. Wani malamin gona na Jami'ar Kentucky a Amurka, mai suna Emery Emmert, shi ya fara yin irin wannan rumfa da leda a 1948. Yau kuwa a kewayen Almeriya, tsohon birnin nan na Andalus da malamai ke cin karo da sunansa a littattafan tarihi, rumfunan leda sun rufe fiye da hekta 30,000, kuma daga nan ake kai wa Turai tumatir a tsakiyar ɗari.

To, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu nan sanyi ba abokin gabar lambu ba ne. Tumatir da albasa da alkama ba su da lokacin da ya fi musu hunturu, tun zamanin da ake ban ruwa da jigo, balle bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974, kogin da ya ratsa Wudil ya riƙa gudana har da rani. Wanda ya rufe tumatir da leda a watan Disamba don ya ji Turawa na yi, ya ɓata kuɗinsa.

Inda rumfar ke da rana a wurinmu shi ne wajen rainon iri. Fatake sun fi kowa sanin yadda kasuwar kayan gwari take: kowa ya dasa a lokaci ɗaya, kowa ya tsinka a lokaci ɗaya, kwanduna su cika 'Yan Kaba a Fabrairu da Maris, farashi ya faɗi har mai lambu ya gwammace ya yanka ya shanya. Riba tana ga wanda ya riga jama'a. Shi kuwa dole ya yafa irinsa tun damina ba ta ɗauke ba, lokacin da ruwa mai ƙarfi ke dukan tsiro yana kwantar da shi, laima kuma tana ruɓar da gindinsa. A nan baka da leda ke aiki, muddin an rufe sama kawai, an bar gefe a buɗe iska tana ratsawa. Cikin mako huɗu tumatir ya isa dashe. Tattasai da attaruhu sai sun kai wajen mako shida.

Su kayan yajin nan ne ma za a ce ɗari yana cutarwa, domin ƙwayarsu ba ta son ƙasa mai sanyi, sai ta daɗe kwance ba ta fito ba. Mai yafa su a Disamba ko Janairu ya rufe fangalin da la'asar, ya buɗe bakinsa biyu da hantsi. Kada ya yi sakaci da wannan, ko da rana ɗaya. Ranar Kano ba ta Ingila ba ce. Leda rufe da azahar tukunya ce, kafin ya dawo daga kasuwa iri ya dahu.

Abin da Turawa ke yi na tsallakar da shuka daga shekara zuwa shekara, mu ma muna da irinsa, sai dai rani muke tsallakewa. Dubi mai dankali, yadda yake ajiye yaɗo a gefen fadama yana ba shi ruwa har damina ta faɗi. Wannan inuwa yake so, zana ko ciyawa bisa bakan ta wadatar.

Akwai kuma ƙwari. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har kwando ya gagari talaka. Raga mai ƙananan idanu, mai kama da gidan sauro, idan aka ɗora ta bisa bakan aka danne gefenta da ƙasa, tana hana malam-buɗe-littafin tsutsar da farin ƙuda isa ga iri. Amma fa a wurin raino ne kurum. Ran da aka dasa a fili, sai mai gona ya ci gaba da duba ganye da kansa.

Kayan aikin ba su da wuya: gora ko bututun roba, a kafa baka kowane taku guda, a ɗaure su da igiya saboda iskar hunturu. Ledar ce abin lura, ku fatake masu sayowa. Wadda ake shimfiɗa wa hatsi ba ta jure rana, kafin shekara ta kewayo ta tsattsage. Ta lambu ana haɗa ta da maganin da ke kare ta daga zafin rana, tana yin shekaru, kuma ta fi tsada. Ku tambayi dillali wacce ce ya miƙo muku tun ba a yanka ba.