Coimbra: Gidan tarihin da ke zaune a kan ginin Romawa

A birnin Coimbra na ƙasar Fotugal, kimanin kilomita 200 arewa da Lisbon, akwai wani gidan adana kayan fasaha da ginin ƙarƙashinsa ya kusa shekara 2000. Sunansa Machado de Castro, an raɗa masa sunan wani gwanin sassaƙa da aka haifa a garin a shekarar 1731.

Kafin baƙo ya isa wurin sai ya sha hawa. Daga unguwar kasuwa da ke kusa da kogin Mondego, hanya tana bi ta ƙofar Almedina, sunan da ya fito daga kalmar Larabci "madina", don Musulmi sun mulki garin kafin sarki Fernando na Leon ya karɓe shi a 1064. Bayan ƙofar sai matakalar duwatsu da ƴan garin ke kira Quebra-Costas, wato "karya baya". A can saman tudun gidan yake, kusa da tsohuwar jami'a.

Wannan gangaren ne ya sa Romawa suka yi ginin da ake zuwa kallo yau. A ƙarni na 1 miladiyya, lokacin da ake kiran garin Aeminium, sun so su shimfiɗa dandalin taro da kasuwanci da shari'a, amma babu fili mai daidai. Sai suka gina dogayen zaurukan dutse masu rufin baka, hawa biyu, suka ɗora dandalin a kansu. Dandalin ya rushe tun da daɗewa, zaurukan da ke ɗauke da shi kuwa suna nan tsaye.

Wanda ya sauka ciki zai tarar da sanyi da shiru, da haske kaɗan da ke shigowa ta ƙananan tagogi. A nan aka jera kawunan mutum-mutumi na marmara da aka tono a wurin, har da na sarakunan Rum Vespasian da Trajan.

Bayan faɗuwar Romawa an cika zaurukan da ƙasa da ɓaraguzai, daga baya aka gina fadar babban limamin cocin garin a samansu. A 1911 gwamnati ta kafa gidan tarihin, aka buɗe shi cikin fadar a 1913. A ƙarni na 20 ne aka kwashe ƙasar da ta binne zaurukan. An sake buɗe gidan gaba ɗaya a 2012 bayan babban gyara da mai zanen gini Gonçalo Byrne ya jagoranta, inda sabon ɓangaren ya jingina da tsohon.

A hawan sama akwai sassaƙa da zane da kayan zinariya da azurfa, mafi yawansu daga majami'un yankin. Abin da ya fi tsayar da jama'a shi ne mutum-mutumi 13 na yumɓu masu girman mutum, aikin wani Bafaranshe mai suna Hodart a ƙarni na 16, da ke nuna Annabi Isa (AS) da almajiransa a wajen cin abincin ƙarshe kamar yadda Kiristoci ke ba da labari. Sun farfashe a tsawon zamani, ƙwararru suka harhaɗa su gutsure bayan gutsure.

Hukumar UNESCO ta sa jami'ar Coimbra da tsoffin unguwanninta cikin jerin kayan tarihin duniya a watan Yunin 2013, a zaman da aka sa tsohon birnin Agadas. A 2019 aka ƙara gidan tarihin a ciki. Darasin Coimbra ga garuruwan da ke da tsoffin gine-gine a fili yake: gini yana daɗewa ne idan ana amfani da shi ana kuma gyara shi, kamar yadda ake sabunta yaɓen hasumiyar masallacin Agadas.

Ga ƴan Nijar mazauna Turai da ke son kai ziyara, jirgin ƙasa daga Lisbon yana ɗaukar kamar awa biyu, kuma takalmi mai ƙwari ya zama dole saboda hawan.