Gyaɗa halal ce, amma tana iya cutar da ɗanka



A kakar bara, wata ranar Juma'a bayan an idar da salla a Sabon Birni ta ƙasar Gwarzo, wani magidanci ya tare mu a ƙofar masallaci yana saɓe da ɗansa mai shekara uku. Leɓɓan yaron sun kumbura, fatar idanunsa ta yi suntum, jikinsa ya yi rudu-rudu kamar wanda aka zane da tsumagiya, sai susa yake yi yana kuka. Uban ya ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka mana da tofi. Karo na uku ke nan, kuma kullum a ɗakin amarya abin yake samunsa."

Mun gane inda maganar ta dosa. Mun yi wa yaron addu'a, sannan muka tambayi abin da ya ci. Ashe amaryar sana'ar ƙuli-ƙuli take yi, kuma ranar girkinta kunun gyaɗa take dama wa yara, alhali uwar yaron koko ta saba damawa. Muka ce masa ya nemi babur ya kai yaron asibiti a Gwarzo nan take, ya kuma faɗa wa likita maganar kunun. Abubuwa biyu ne suka kusa salwanta a gidan nan: ran yaro, da mutuncin baiwar Allah da ba ta yi laifin komai ba sai ciyar da ɗan mijinta.

Abin da ya sami yaron shi ne wanda Hausawa ke kira borin jini, likitoci kuma suna ce masa alaji. Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam garkuwa da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu mutane wannan garkuwa tana kuskure, ta ɗauki wani sinadari na abinci a matsayin abokin gaba, ta far masa, sai jikin ya ji a jikinsa. Abincin bai lalace ba, ba a kuma zuba masa komai ba. Yara goma za su sha daga ƙwarya ɗaya, tara su tashi lafiya. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro sunan alaji a 1906, amma likitocin Musulmi sun lura da irin wannan ɗabi'a ta jiki tun da daɗewa. Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, ya yi rubutu kan dalilin da ya sa mura ke kama wasu mutane duk lokacin da furen wardi ya buɗe.

Abincin da suka fi jawo wannan matsala ga yara sanannu ne, kuma kusan dukkansu suna cikin tukwanenmu: gyaɗa, madarar shanu da nono, ƙwai, kifi da kirefish, alkama, waken suya, da riɗi. Gyaɗa ce ta fi wuyar kauce wa a ƙasar Kano, ƙasar da aka taɓa saninta a duniya da dalar gyaɗa. Tana cikin kunu, tana cikin dakuwa da ƙuli-ƙuli, tana cikin yajin tsire da labun kilishi, ana sa ta a miyar taushe da kwaɗon zogale da na rama, kuma man da matanmu ke matsewa a gida yana ɗauke da sinadarin da ke tayar da borin. Suya ko dafuwa ba su kashe shi. Waken suya kuwa shi ne awarar da yara ke saye a ƙofar Islamiyya, riɗi shi ne kantu, alkama tana cikin burodi da fankasau da alkaki da taliya.

To, mene ne matsayin abinci irin wannan a Shari'a? Asalin abinci halacci ne, kuma babu mai ikon haramta wa al'umma abin da Allah Ya halatta. Sai dai a Suratul Baƙara, inda aka umarci mutane da cin abin da ke bayan ƙasa, an haɗa sifa biyu: halacci da kasancewa mai kyau. Malaman fiƙihu kuma sun kafa ƙa'idar cewa cuta abar gusarwa ce, sun lissafa kare rai cikin manyan manufofi biyar na Shari'a, kamar yadda Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka yi bayani. A kan haka suka ce abin da ya tabbata yana cutar da wani mutum ya zama abin hani a kansa shi kaɗai, ko da halal ne ga sauran jama'a.

A Sunna akwai misali da ya zo daidai da wannan. Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ummul Munzir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga gidanta tare da Sayyidina Aliyu (RA), a lokacin Aliyu yana farfaɗowa daga jinya. Akwai dabino a rataye, Annabi (SAW) ya ci, amma ya dakatar da Aliyu saboda halin da jikinsa ke ciki. Da ta dafa sha'ir da wani ganye, sai ya nuna masa cewa wannan ne ya fi dacewa da shi. Dabino ne fa, abincin gidan Annabta. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya yi wa Zubairu ɗan Awwam da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) rangwamen sanya alharini saboda ƙaiƙayin da ke damunsu, alhali alharini haramun ne ga maza. Addinin da ya duba fatar sahabbai biyu ya sassauta musu hukunci ba zai kira uwar da ta hana ɗanta ƙwai mai raina ni'ima ba.

Mun tsaya a nan ne domin mun san maganganun da ake yi a gidajenmu. Yaro ya ture kwano, a ce tsirfa ce. Uwa ta ce nono ba ya karɓar ɗanta, a ce iyayi ne irin na matan zamani. Mafi hatsari ita ce shawarar da wasu iyayenmu kakanni ke bayarwa da kyakkyawar niyya, cewa a riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Likitoci a wasu manyan asibitocin duniya suna yin wani abu mai kama da haka, amma da awo na ƙanƙanin ƙwayar gero, da kayan ceton rai a gefensu. A tsakar gida wannan caca ce da rai, domin borin da ya tsaya a fata jiya yana iya kama maƙogwaro yau.

Yadda ake gane shi ba ya buƙatar karatun likita, lura yake buƙata. Yawanci alamun suna bayyana cikin 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan cin abincin, kuma suna maimaituwa duk lokacin da aka ci shi. Fata ta yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, leɓe ko ido ko fuska su kumbura, yaro ya yi amai ko ya riƙe ciki. Ƙaramin yaro ba zai iya bayani ba. Sai a ga yana jan harshensa, ko ya ce abincin yana cizonsa a baki. A jikin baƙar fata ba lallai a ga ja ba, don haka a shafa a ji tudun. Jariri mai shan madarar gwangwani kuwa wani lokaci nasa yana zuwa a hankali: yawan amai, gudawa mai majina ko ɗigon jini, busasshiyar fata mai ƙaiƙayi, da rashin ƙiba. Wannan daban yake da kumburin ciki da tusa da wasu manya ke samu bayan shan madara, wanda rashin narkewar sukarin madara ne. Daban yake kuma da gurɓataccen abinci, wanda ke kwantar da duk waɗanda suka ci.

Akwai alamun da idan an gan su an bar maganar jira. Muryar yaro ta shaƙe, numfashinsa ya riƙa fita da ƙara ko ya sarƙe, harshe ya kumbura, tari ya ƙi tsayawa, jikinsa ya saki, ya yi jiri ko ya suma. Wannan shi ne babban bori mai kisa cikin ɗan lokaci, kuma ya fi tsanani ga yaro mai asma. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya. Piriton da ake saye a kemis yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya toshe. Kada a ɗura masa manja ko madara ko rubutu, domin wanda numfashinsa ke sarƙewa yana iya shaƙewa da abin da aka ɗura masa. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna. Kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. A nufi asibiti mafi kusa, ana tafe ana addu'a. Ko ya warware bayan allura, a bari ma'aikatan lafiya su riƙe shi na wasu awanni, saboda borin yakan dawo. A Turai iyayen irin waɗannan yara suna yawo da allurar a aljihu, a nan kuwa ba kasafai ake samunta ba. Tsakanin Gwarzo da birnin Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce, saboda haka mai irin wannan yaro a Sabon Birni ko Getso ko Lakwaya ko Garo ta ƙasar Kabo ya kamata tun yana lafiya ya je ya tambaya: wace cibiyar lafiya ce kusa da shi ke ajiye adirenalin, kuma wa zai ɗauke su idan abin ya faru da tsakar dare? Binciken tabbatarwa kuma a nemi a tura shi manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ba mu musun kambun baka, ba mu musun sihiri, kuma ruƙiyya da ayoyin Allah sunna ce. Amma Wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani, kuma Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da neman magani. Abin da muke tsoratarwa a kansa shi ne gaggawar ɗora wa mutum laifi. Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta bayyana cewa wani zaton zunubi ne. Jifan Musulma da sammu ko maita ba tare da hujja ba zalunci ne da ke raba aure, ya raba zumunta, ya bar tabon da 'ya'yanta za su gada. Kuma yayin da ake neman wanda ya yi asiri, yaron yana nan yana ci gaba da shan kunun.

Wani kuskuren kuma yana ɗaya gefen. Kada tsoro ya sa a hana yaro ƙwai da nono da kifi da gyaɗa gaba ɗaya saboda ƙurji ɗaya da aka gani. A yankinmu tamowa ta fi borin abinci kashe yara nesa ba kusa ba, kuma waɗannan su ne abincin gina jiki da talaka ke iya samu. Abin da aka tabbatar kawai za a cire, a maye gurbinsa da wani, kamar wake ko nama. Ko gwajin jini ba ya yanke hukunci shi kaɗai: binciken da aka yi kan 'yan makaranta a Ghana ya nuna yara da yawa da gwajinsu ya nuna alamar borin gyaɗa alhali suna cinta lafiya, kuma an danganta hakan da cutar tsargiya, wadda mu ma muka sani a wajen yaran da ke wanka a madatsun ruwa da kududdufai. Shi ya sa labarin da uwa za ta bayar, me ya ci, yaushe, me ya biyo baya, ya fi komai amfani ga likita. Ɗalibin da ke gidan ya ɗauki littafi ya riƙa rubuta mata.

Jinkirta ba jariri waɗannan abinci ma ba ya kare shi. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike a Ingila ƙarƙashin Farfesa Gideon Lack, kan jarirai 640, wanda ya nuna cewa fara ba su gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da borinta da kusan kashi 80 cikin 100. Wato kunun gyaɗar da iyayenmu ke ba mai koyon cin abinci yana da amfaninsa. A shayar da nonon uwa zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu kamar yadda Alƙur'ani ya ambata ga mai son cika shayarwa, a riƙa gabatar da sabon abinci ɗaya bayan ɗaya, da rana, ana lura. Gyaɗa a niƙe za a bayar, domin ƙwayarta tana maƙale wa ƙananan yara. Jaririn da fatarsa ke yawan ƙaiƙayi da tsagewa a fara nuna shi ga likita. Yawancin masu borin madara da ƙwai suna rabuwa da shi idan sun girma. Na gyaɗa kuwa kimanin ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi. Sannan abincin tamowa na leda da ake rabawa a cibiyoyin lafiya da gyaɗa da garin madara ake yin sa, don haka a sanar da ma'aikaci kafin ya miƙa.

Yaron Bahaushe ba a ɗakin uwarsa kaɗai yake ci ba. Yana ci a maƙwabta, a gidan suna, a wajen buɗa-baki a masallaci, a kwano ɗaya da 'yan uwansa. Ɓoye lalurarsa don kunya ko gudun baki jefa shi cikin hatsari ne. A faɗa wa kakanni da maƙwabta da malamin Islamiyya, shi ma a koya masa ya riƙa tambaya. Mai abincin sayarwa idan an tambaye ta ko akwai gyaɗa, amana ce ta faɗi gaskiya, haka cokali da man suyar da aka yi amfani da su. A Ingila sai da wata yarinya mai shekara 15 ta rasu a 2016 bayan cin burodin da ke da riɗi ba a rubuta ba, sannan aka yi dokar tilasta rubuta abin da ke cikin irin wannan abinci, ta fara aiki a 2021. Mu hanin ɓoye aibin haja yana cikin littattafanmu na fiƙihu tun ƙarnoni. Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne almajiri, mai cin duk abin da aka zuba masa a roba. Uban da ya san ɗansa na da wannan lalura ya kai shi wani gari bai faɗa wa alaramma ba, ya yi sakaci da kiwon da za a tambaye shi a kansa. Alaramman da aka faɗa wa kuma nauyin ya koma wuyansa.

Magidancin nan ya dawo bayan kwana biyu, yaron na tafe da ƙafarsa. Likita ya ce a nisanta shi da gyaɗa, ya kuma rubuta musu takardar zuwa Kano. Uwar ma daga baya ta tuna cewa tun bayan yaye, duk ranar da uban ya shigo da tsire yaron yakan kwana yana susa. Muka ce masa, "Malam, saura haƙƙin amarya." Ya sunkuyar da kai ya ce zai tara su ya nemi afuwarta a gaban wadda aka fara faɗa wa zargin. Mun ji cewa yanzu ita amaryar ce ta ware wa yaron kofinsa da ludayinsa, kuma ranar da take suyar ƙuli-ƙuli gidan kakarsa ake kai shi ya wuni.